Yadda Ake Ƙara wa Babban Titi Ƙarfin Ɗaukar Motoci a Gari Irin Kano

Layi ɗaya na babbar hanya, inda babu mahaɗa, babu mai tsayawa, babu mai tsallakawa, yana iya wucewa da ƙananan motoci kusan 2,000 a awa guda. Shi wannan layin, da faɗinsa da kwaltarsa, idan aka kawo shi tsakiyar gari aka sa masa danja, ɗan sahu yana lodi a gefe, mai tebur ya baza kaya a kafaɗar hanya, ba zai wuce da ko rabin haka ba. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa aikin faɗaɗa titi irin na Zariya, na Katsina ko na Maiduguri a cikin Kano, kafin ya kira katafila, sai ya fara gano inda ƙarfin titin yake zubewa. Sau da yawa a mahaɗa ne da bakin hanya, kuma ƙarin layi a tsakiya ba ya taɓa waɗannan biyun.

A fara da ƙirga

A zaunar da masu ƙirga, ko a kafa kyamara, kwana bakwai a jere, daga ƙarfe shida na safe zuwa goma na dare, sannan a ware kwana biyu a yi na awa 24 don a kama tireloli da tankokin mai masu tafiyar dare. A riƙa rufe lissafi duk minti 15, kowane hannu daban, kowane irin abin hawa a gurbinsa: babur, adaidaita sahu, ƙaramar mota, bas, tifa, tirela. Kada a yi ƙirgar a watan azumi, ko makon Sallah, ko lokacin hutun makaranta, domin za ta ba da hoton da ba shi ne na kullum ba. Juma'a kuma a duba ta ita kaɗai, cunkosonta na rana ne, ba na safe ba.

A mahaɗa ƙirgar wucewa kawai ba ta isa ba. Sai an san daga kowane ɓangare nawa ne suka miƙe, nawa suka yi dama, nawa suka yi hagu. Tunda a hannun dama ake tuƙi a Najeriya tun 1972, mai juyawa hagu shi ne ke gitta gaban masu zuwa, kuma yawan irinsa ne zai nuna irin gyaran da mahaɗar ke bukata.

Bayan haka sai a mayar da komai ma'auni ɗaya, wato ƙaramar mota. Bas babba ko tifa a ɗauke ta a matsayin mota biyu zuwa uku, tirela uku zuwa huɗu, babur kusan rabi. Adaidaita sahu ita ce mai wuyar sha'ani. A jiki ba ta kai mota ba, amma tana tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, tana ratsa layi ba sanarwa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013 ita ce ke ɗaukar mafi yawan masu zirga-zirga a gari, don haka kuskure a kanta kuskure ne a kan lissafin gaba ɗaya. Littattafan Amurka da ake yawan ɗauko alƙaluma daga cikinsu ba a rubuta su da ita a zuciya ba. A auna ta a wurin: a ɗauki bidiyon layin da ke tashi daga danja, a ga daƙiƙa nawa jerin 'yan sahu ke ci, a kwatanta da na jerin motoci.

Abu biyu ya rage. Na ɗaya, a sa mota ta bi titin daga farko zuwa ƙarshe aƙalla sau shida a lokacin cunkoso, ana rubuta inda ta tsaya da minti nawa. Wannan takardar ita ce ke nuna maƙurar. Na biyu, a tambayi direbobi, musamman na manyan motoci, daga ina zuwa ina. Idan kaso mai yawa wucewa kawai suke yi, daga hanyar Zariya zuwa Dawanau ko zuwa Haɗeja, maganinsu hanyar bayan gari ce, ba ƙarin layi a cikin gari ba.

Lissafin layi nawa

Ga misali, da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin bayani. A ce titi yana ɗaukar kwatankwacin ƙananan motoci 40,000 a rana. A cikin gari awar da ta fi cika takan ɗauki kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari na yini, mu ce 10, wato 4,000. Da safe hannun shiga gari ya fi nauyi, a ce kashi 60, ya zama 2,400 a awa. Ana tsara titi ne don shekara 20 masu zuwa. Idan motoci na ƙaruwa da kashi 4 cikin ɗari a shekara, cikin shekara 20 za su ninka sau 2.2, idan kashi 5 ne sau 2.65. Da kashi 4 kaɗai 2,400 ta zama kusan 5,300. Layin cikin gari mai ɗan tsafta a ƙaddara masa 1,300 zuwa 1,500, kenan ana bukatar layi huɗu a hannu ɗaya.

A nan ya kamata mai tsarawa ya dakata. Layi huɗu a kowane hannu a unguwar da ta riga ta cika gidaje rusau ne mai yawa, kuma akwai abin da lissafin bai faɗa ba: sabon titi yana jawo sabbin tafiye-tafiye. Wanda yake fita da asuba don kauce wa gosulo zai koma fita ƙarfe takwas, wanda yake bin lungu zai dawo kan titi, masu filaye za su yanka fuloti a can ƙarshensa. Masana tattalin arziki biyu, Duranton da Turner, sun nuna a binciken da suka wallafa a 2011 cewa a biranen Amurka tafiyar motoci tana ƙaruwa kusan daidai da yawan layin da aka ƙara. Babbar hanyar Katy a birnin Houston an gama faɗaɗa ta a 2008, a wasu wuraren ta haura layi 20 idan aka haɗa da na gefe, amma cikin 'yan shekaru lokacin tafiya a awar cunkoso ya sake hawa. Wannan ba dalilin ƙin faɗaɗa titi ba ne, gari mai girma irin Kano yana bukatar manyan hanyoyi. Dalili ne na ƙirga mutane, ba motoci kaɗai ba. Layi mai wucewa da mota 1,400, kowace da mutum biyu, ya kai mutum 2,800. Layin da aka keɓe wa manyan bas, a ce bas ɗaya duk minti ɗaya da mutum 70, ya kai 4,200. Legas ta buɗe irin wannan layi a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, kimanin kilomita 22. Idan za a kai titi layi uku ko huɗu, a yanke shawarar layin bas tun a takarda, domin ƙwace layi daga hannun masu mota bayan sun saba da shi ya fi wuya nesa ba kusa ba.

A dawo da layin da aka riga aka biya kuɗinsa

Tsaya a bakin kowace babbar kasuwa da yamma ka duba layin dama. Mota a fake, sahu uku a jere suna jiran ciko, mai lemo da baronsa, masu tafiya a ƙafa suna bin kwalta saboda babu inda za su taka. Titi mai layi uku ya koma biyu, wani lokacin ɗaya da rabi. Dawo da wannan layin ya fi gina sabo araha sau da yawa, kuma ba ya bukatar diyya.

A yanka wa 'yan sahu da bas wurin tsayawa a wajen layi, zurfin mita 3, tsawon mita 40 zuwa 60 inda fasinja ke da yawa. A sa shi bayan an wuce mahaɗa da kamar mita 50, ba kafin ta ba, don kada mai tsayawa ya toshe masu jiran danja. Kuma a sa shi inda mutane ke sauka da gaske. Idan aka kai shi nesa da ƙofar kasuwa ko asibiti, direba zai bi fasinja ya tsaya inda ya saba, jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Kano, su wuni suna kora ba ta canja ba. A yi wa masu ƙafa dandamali mai faɗin aƙalla mita 2, a ɗaga shi sama da kwalta da dutsen gefe mai tsayi, in ba haka ba cikin wata guda zai zama wurin fakin. Masu tebur a nema musu wuri kafin a tashe su. Wanda aka kora ba tare da madadi ba zai dawo da zarar an janye jami'ai, abincinsa ne a wurin.

Sai ƙofofin juyawa da ke tsakiyar tagwayen hanya. Kowace ƙofa tana cin layin hagu, wanda shi ne mafi gudu. A rage yawansu, waɗanda aka bari kuma a yi musu layin jira a cikin tsibirin tsakiya. Tirela tana bukatar faɗin kusan mita 27 zuwa 30 kafin ta juya baya a tashi ɗaya. Inda babu wannan faɗin a hana ta juyawa a nan, a tura ta shataletale na gaba.

Mahaɗa

Nan ne aikin yake. Idan danja ta ba da kore ba yankewa, layi ɗaya yana sakin mota kusan 1,800 a awa. Amma mahaɗa rabon lokaci ce. Idan zagayen fitila daƙiƙa 120 ne, babban titi yana samun 40, to kashi ɗaya cikin uku ya samu, mota 600 a layi. Layi uku 1,800. Ka faɗaɗa titin baya yadda ka ga dama, ka kawo mota 4,000 a awa, 1,800 ɗin nan ne za su wuce, sauran su yi layi.

Gyara mafi sauƙi shi ne a buɗe bakin mahaɗa kawai. A ƙara layi ɗaya ko biyu a mita 100 zuwa 150 na ƙarshe kafin fitila, a ci gaba da su har bayanta kafin a tsuke a hankali. Masu hagu a ba su layinsu. Tsawonsa lissafi ne: idan mota 240 ke juyawa a awa, zagaye 30 ne a awa, takwas kenan a kowane zagaye. A ninka biyu saboda lokacin da suka taru, 16, a ba kowace mita 7, ya zama mita 112. Idan ya gaza haka jelar layin za ta fito ta toshe masu miƙewa. Masu dama a yanka musu hanyar zamewa da ɗan tsibiri. A kuma rage yawan zangon fitila, domin duk sauyi daga wannan ɓangare zuwa wancan yana cinye kusan daƙiƙa 4 da ba wanda ya amfana da su. Fitila kuwa a haɗa ta da sola da batir. Danjar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta tana koya wa direbobi raina ta ko da tana aiki.

Shataletale yana da kyau inda motocin ɓangarorin suka yi kusan daidai kuma ba su yi yawa ainun ba. Idan ɓangare ɗaya ya rinjaya, yakan riƙe da'irar ya hana sauran shiga, daga nan sai a kulle.

Idan duk wannan ya gaza, sai gada. Kano ta yi nisa a nan: gadar Ƙofar Nasarawa, gadar Aminu Dantata da ta bi ta kan titin Murtala Muhammad a Sabon Gari, da masu hawa uku na Dangi da Hotoro. Ga abin da ya kamata a riƙe. Ƙarƙashin gada a bar tsayin mita 5.3 zuwa 5.5 don manyan motoci, kaurin gadar kanta ya ƙara kamar mita ɗaya da rabi, kenan hawan mita 7. Da gangaren kashi 4 cikin ɗari, kowane gefe yana cin mita 175, ban da lanƙwasar sama da ta ƙasa. Idan aka matse gangaren don rage kuɗi, tirela mai kaya za ta hau da jan ciki, wata ta mutu a tsakiya. Sannan a duba inda gadar ke sauka. Layi biyu na sama da biyu na ƙasa idan suka haɗu a titi mai layi uku, ko kuma akwai wata mahaɗa mita 300 a gaba, an gudu ne ba a tsira ba, cunkoson ya matsa gaba kawai. Shi ya sa ake tsara mahaɗun titi guda a tare, ko da ɗaya bayan ɗaya za a gina su. Gadar ƙasa kuma rami ce, ruwan unguwa duk can zai nufa. Tana bukatar rijiyar tara ruwa, famfo biyu aƙalla, ɗaya na aiki ɗaya na jira, da janareta nata na kanta, da kuɗin kula da su a kasafin kowace shekara.

Fili, diyya da abin da ke binne

Idan an tabbatar sai an faɗaɗa, a zana faɗin gaba ɗaya. Layi a Najeriya mita 3.65 ne. Uku a kowane hannu, 21.9. Tsibirin tsakiya mita 4 don ya ɗauki layin juyawa. Hanyar gefe ta masu shaguna da 'yan sahu mita 6 kowane ɓangare, da shingen mita 1.5 tsakaninta da babban titi. Lambatu mita 1.5, dandamalin ƙafa 2.5. Jimla kusan mita 49. A hanyoyin tarayya filin da doka ta keɓe mita 45.72 ne kowane gefe daga tsakiyar hanya, amma a cikin gari an daɗe da gina mafi yawansa, don haka safiyo ya auna abin da ke ƙasa, gini bayan gini.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, tare da biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. A gama ƙididdiga da biya kafin ɗan kwangila ya shigo, tare da masu unguwanni da dagatai a wurin tantancewa. Kwangilar da aka bayar kafin a sallami masu gidaje takan tsaya wata da watanni, injuna na zaune ana biyan hayarsu, farashin siminti da rodi na hawa. Inda zai yiwu a ci gefe ɗaya maimakon a yanki fuskar gidajen gefe biyu. Maƙabarta, masallacin Juma'a da badala a san da su tun a zanen farko, a karkatar da layin hanya. Dokar 1992 ta tantance tasirin aiki ga muhalli ita ma tana hawa kan manyan hanyoyi.

Bututun ruwa, turakun lantarki da wayoyin intanet na ƙarƙashin ƙasa a kwashe su zuwa ƙarƙashin dandamalin ƙafa kafin a fara cike. Taswirarsu sau da yawa ba ta dace da abin da ke ƙasa ba, don haka a haƙa ramukan gwaji da hannu duk mita 50 zuwa 100. A kuma binne bututun wofi masu gitta titi a wurare da dama, don kada wani ya zo ya fasa sabuwar kwalta bayan shekara.

Ginin kansa

Nauyi ne ke kashe titi, ba yawan motoci ba. Ɓarnar aksul, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota gefe da gefe, tana ninkuwa kusan sau 16 duk lokacin da nauyin da ke kansa ya ninka biyu: aksul mai tan 16 yana yin ɓarnar mai tan 8 sau 16. Don haka a auna nauyin manyan motoci da sikeli a kan titin, kada a dogara da abin da doka ta ce su ɗauka. Tsarin da aka saba shi ne marmara mai kyau a ƙasa, maki 30 ko fiye a gwajin CBR, wato gwajin ƙarfin ƙasa wajen ɗaukar nauyi, sai dakakken dutse mai maki 80 ko fiye, kowanne kaurin santimita 15 zuwa 20, sai kwalta hawa biyu, ta ƙasa santimita 6, ta sama 4. Inda tireloli ke tsayawa da tashi, kamar bakin danja da wurin lodin bas, kwalta takan yi kwari saboda zafi da nauyi. Kankare ko tubalin daɓe ya fi dacewa a nan.

Wurin da faɗaɗawa ta fi lalacewa shi ne haɗin tsoho da sabo. Tsohon titi ya shekara yana zama, sabon cike bai zauna ba, sai tsaga ta bi tsawon hanya, ruwa ya shiga. A yanka gefen tsohon kamar matakala, kowane hawa ya shiga cikin na ƙasansa da santimita 30 ko fiye. A zuba cike santimita 15 a lokaci guda, a jiƙa daidai, rola ta danne, a gwada kafin a ƙara wani. Kada haɗin ya faɗo daidai inda taya ke bi. Kwaltar sama a shimfiɗa ta a kan tsoho da sabo baki ɗaya. Ta iso wurin da zafinta, wajen digiri 140 zuwa 160, a gama dannewa kafin ta huce ƙasa da 90. Tifar da ta makale a gosulo kayanta suka sandare a mayar da ita.

A ba fuskar titi gangaren kashi 2.5 cikin ɗari zuwa lambatu. Titi mai faɗi ya fi tara ruwa, don haka tsofaffin kwalbatoci ba tsawaita su kawai za a yi ba, a sake lissafin girmansu, kuma a bi ruwan har inda zai zube. Lambatun da ya ƙare a bayan gidajen mutane ya mayar da matsalar titi ambaliyar unguwa. A rufe shi da murfin da ake iya ɗagawa don yashe yashi da leda. Aikin ƙasa da kwalbati a tsara shi daga Oktoba zuwa Mayu, domin a watan Agusta cike ba ya dannuwa. Ana aiki kuma a bar layi biyu a buɗe kowane hannu a awar cunkoso, a gyara hanyoyin ratse kafin a tura musu motoci, a sa fitila da shinge a bakin kowane rami da dare.

Masu tsallakawa ba a bar su sai ƙarshe ba. Mutum yana tafiyar kusan mita 1.2 a daƙiƙa, layi uku na cin sa daƙiƙa 9 kafin ya kai tsibiri, tsoho da mai goyo sun fi haka. Gadar ƙafa tana da matakala kusan 40, don haka sai an sa ta daidai inda mutane ke tsallakawa, da shinge a tsibirin tsakiya, da gangare ga mai keken guragu da mai baro.

Bayan an buɗe

Hanyar bayan gari ta gabas a Kano an yi ta ne don masu wucewa, yau gidaje, gidajen mai da shaguna sun rufe ta gefe biyu, kowanne da ƙofarsa kai tsaye a kan titi. Haka ƙarfin hanya ke tsiyayewa. Maganinsa yana hannun hukumar tsara birni, KNUPDA: kada a amince da gini a bakin babbar hanya sai ƙofarsa ta buɗe a hanyar gefe, kuma mashigai daga hanyar gefe zuwa babban titi su kasance da tazarar ɗaruruwan mitoci. A kafa turakun kankare a iyakar filin hanya tun ranar da aka biya diyya, ko da shekara goma za a yi kafin a gina layin ƙarshe.

A sake ƙirga bayan wata shida, da bayan shekara, a wuraren da aka yi ta farko, a sake saita lokacin danja bisa abin da aka samu. Kafin wa'adin gyaran ɗan kwangila ya ƙare, wanda yawanci wata 12 ne, a bi titin a ƙafa bayan ruwan sama mai ƙarfi, a rubuta duk inda ruwa ya kwanta da duk tsagar da ta bi haɗin tsoho da sabo, a sa shi ya gyara kafin a sakar masa ragowar kuɗinsa.